Tsamin da Ya Shiga Tsohuwa

Kewaunee, Wisconsin
19 ga Oktoba

Zuwa ga Gwaggona Verna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabin ɗa ga uwa, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Orrin. Allah ya dawo da jirginsa daga kamun kifi lafiya kafin tekun Alaska ta fara haukanta na hunturu, ya kuma sassauta miki kafaɗar nan da Mama ta ce tana hana ki ɗaga hannu. Mu nan jiki dai lafiya. Gwiwar Mama ta yi sauƙi har ta koma cikin mawaƙan coci, yayata Tessa kuma ta kusa sauka, an ce mace ce. Iskar tafki ta fara cizo, ganye duk ya zube. Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, ni da ko katin Kirsimeti ban taɓa aiko miki ba. Da na kira ki a waya, to amma bakina ne ya jawo rabin abin da zan faɗa miki, ban yarda da shi ba yanzu. Alƙalami aƙalla yana ba ni damar haɗiye wata maganar kafin ta fita.

Gwaggo, na kashe Tsohuwa. Ke kin fi ni saninta, yis ɗin gidanmu, ƙwayar da ke tayar mana da giya, wadda kakar kakanku ta ƙunso a kwalba daga ƙasar Bohemiya. Shekara ɗari da wani abu ana kwashe ta daga gindin tanki a zuba a sabuwar dahuwa, ba a taɓa yanke wannan igiya ba. Duk giyar da ta fita daga ƙofarmu, ita ta haife ta. Ta ga yaƙin duniya biyu. Lokacin da gwamnati ta hana giya, a ɗakin dankali aka ɓoye ta ana ciyar da ita a asirce. Duk ta tsallake waɗannan, ta zo ta ƙare a hannun wani ɗan shekara ashirin da huɗu mai dogon baki.

Shekara biyu na yi ina damun Baba ya bar ni in dafa giyar alkama mai tsami, in jiƙa ta da 'ya'yan itacen ceri na gonakin da ke arewa da mu. Shi kuma kullum amsarsa ɗaya, wai tsami ba ɗanɗano ba ne, cuta ce, ubansa da ya ji shi a ganga sai ya tuntsurar da ita a kwata. Na ce masa to mu ci gaba da dafa wa tsofaffi, kowane wata a binne mana mai saye ɗaya, har ranar da za mu rage mu kaɗai muna shan abinmu. Na ce masa tun littafin katekizim na coci bai sake buɗe wani ba, a gaban Delbert na faɗa, tsohon da ke wanke mana tankuna, wanda ke ma kin bar shi a nan. Delbert ɗin Farfesa yake ce min, wai ni ne mutum na farko da ya bar makaranta a aji goma ya samo digiri da katin aron littafi. Ina jin haushin sunan, amma a ɓoye ina son sa. A watan Yuli Baba ya gaji ya sakar min rumfar bayan gida, da sharaɗi ɗaya: duk abin da ya taɓa giyata, tiyo ne, bokiti ne, cokali ne, a shafa masa jan fenti, kuma ja ba ya ƙetare ƙofar babban ɗaki. Na ce masa na fi shi sanin dalili, har na zana masa hoton ƙwayoyin tsamin da za su iya kama Tsohuwa a bayan ambulan.

Ranar sha biyu ga Agusta muna juye giya daga tanki na uku, zoben robar bakin tiyo ya tsage. Babu wani a akwati. Shagon da ake sayarwa tafiyar minti arba'in ne, ga zafi, ga giya a buɗe tana shan iska, Baba ya tafi kai kaya. Na shiga rumfata na ɗauko jan zobe. Na tafasa shi minti ashirin, kamar yadda littafi ya ce. Sannan na kankare fentin da farcena. Wannan ne ba zan iya yafe wa kaina ba, Gwaggo. Wanda ya tabbata abin da yake yi daidai ne ba ya kankare fenti. Daga gindin wannan tankin aka kwashi Tsohuwa, aka raba wa sauran huɗun.

Juma'ar da ta wuce aka buɗe giyata. Kin san ɗanɗanon Juma'a bai canja ba: ƙarfe goma na safe, ba kofi, ba taba, kuma ba mai cewa uffan kan giyar gida sai Baba ya ajiye kofinsa. Na zuba tawa a kofuna huɗu. Ja ce mai duhu-duhu, hazo a cikinta, kumfarta kamar an ɗiga jini a madara. Ƙamshin ceri ne ke fara tarbar mutum, a bayansa ƙamshin kwaɓin burodi. Na kurɓa, tsamin ya kama min muƙamuƙi har idona ya kawo ruwa, sai alkamar ta biyo baya a hankali ta lallashe wurin, daga ƙarshe wani ɗan ɗaci mai daɗi na ƙwallon cerin ya zauna a maƙogwaro. Ban taɓa yin abu mai kyau kamarta ba, kuma ba cika baki nake ba, yanzu ba ni da bakin cikawa. Mama ta miƙo kofi a ƙara mata. Delbert ya lashe gashin baki ya ce ashe dai littattafan Farfesa suna da ruwa a ciki, shi ya ɗauka ƙura ce zalla. Kaina ya kumbura. Na kalli Baba na ce ko tsoro yake ji kada ta yi masa daɗi.

Ya ce zai fara da giyar gida kada tawa ta ɓata masa harshe. Ya ɗiba daga tanki na ɗaya, ya riƙe a baki ya daɗe. Ya wuce na biyu, na uku, har na biyar, bai ajiye kofin ba. Da ya gama ya kurkure baki, ya koma na ɗaya. Sai ya miƙo min. Da farko giyarmu ce, mai sanyin hali, yadda na san ta tun ina satar kumfarta da yatsa. Amma can ƙarshen harshe, siriri kamar zare, ga tsamin da na gama alfahari da shi minti biyar da suka wuce. Na gane shi yadda mutum ke gane rubutun hannunsa.

Kin san me ɗan wanki ya yi? Na juya kan Delbert. Na ce ido ya tafi, hannu ya mutu, wankin tanki ya fi ƙarfinsa, a sallame shi ya je ya yi jinyar bayansa. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana shiga tankunan nan da rarrafe. Delbert ya miƙe. Ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya yana kwance zobunan yana jerawa a tebur, ya ɗauki guda ya kai taga, ya juya shi a haske. A cikin tsagin akwai ɗigon ja da farcena bai kai ba. Ya ajiye shi a gabana ya ce Farfesa ya karanta musu wannan.

Na ɗebi Tsohuwa na sa a tsohon madubin ganin ƙwayoyi da na saya a gwanjo. Ga 'ya'yanta zagaye-zagaye, ga baƙi, ƙwayoyin tsamin giyata, a tsakaninsu kamar tsinkayen ashana, ba su ƙirguwa. Na kira masu gwajin yis a birnin Madison. Matar da ta ɗauki waya ta ce za su iya tsamo ƙwaya ɗaya mai tsabta su raina mana, amma Tsohuwa ba ƙwaya ɗaya ba ce, zuri'a ce da ta shekara ɗari tana zaune tare, abin da za su ba mu zai yi giya amma ba tamu ba. Kuma ina da nawa haushin, ba zan ɓoye ba. Shekara uku da suka wuce na roƙi Baba mu aika musu kaɗan su daskarar saboda irin wannan rana, ya ce shi ba zai sa kakarsa a firijin baƙi ba. Na yi niyyar kada in tuna masa. Na tuna masa, da ƙarfi, Mama na kuka. Ya ce gaskiya ne. Sai ya ɗauki kofin giyata da ke tebur tun safe, sanyinta ya tafi, kumfar ta mutu, ya shanye tas. Ya ce ta yi daɗi, ba ƙarya, hannuna yana da kyau. Tun ina ɗan shekara sha shida nake jiran wannan magana daga bakinsa. Da ya mare ni da ya fi min sauƙi.

Ran Litinin za a zubar da tankuna biyar ɗin a kwata, kuma Baba ya ce ni zan buɗe famfunan. Har yanzu yana saukowa da sassafe ya ɗaura rigar aiki, ya zauna a kan ganga, ba abin yi. Delbert yana gaishe ni da sunana na gaskiya. Na je gidansa ba da haƙuri, ya ce ya ji, ya rufe ƙofa a hankali.

Jiya Mama ta ja ni kicin ta faɗa min abin da ban taɓa sani ba. Ta ce ranar da Kaka ya damƙa wa Baba gidan, Kakan ya ce mace ba ta tsayawa kan tukunya alhali ke kika fi kowa hanci, kin sauka ƙasa kin cika kwalbar zuma da Tsohuwa kafin ki hau mota. Ta ce shekarun farko kina dafa wa Orrin da abokan aikinsa a garejinku, amma ba ta san ko kin ci gaba ba. Na kai wa Baba maganar. Ya ce gara ya sa wa ƙofa kwaɗo. Wai ranar da aka wulaƙanta ki yana tsaye bai buɗe baki ba, ya karɓi makulli ya sa a aljihu, don haka ba shi da idon da zai roƙe ki komai. Ni ma ba ni da shi, sai dai ni ba abin da ya rage min da zan yi asara.

Ban sa rai ba, Gwaggo. Shekara ashirin da biyu ba kwana biyu ba ne, kwalba tana fashewa, wuta tana ɗaukewa, mutum yana gajiya da ciyar da abin da ke tuna masa ɓacin rai. Da ni ne ke, da tun daga kan jirgin ruwa na wurga ta teku. In ta mutu, rubuto min layi ɗaya in daina kallon akwatin wasiƙa. In tana raye kuma kin ga ba mu cancanta ba, hakkinki ne, ba zan ce komai ba, kuma kin san abin da hakan ke nufi a wurin mai dogon baki irina. In kuwa za ki bayar, kada ki sa ta a gidan waya, kada kuma ki ba ni. Zan zo in ɗauko ki, in riƙe miki jaka, ke ki riƙe kwalbar har cikin ɗakin da aka hana ki, ki zuba ta da hannunki. Ni zan tsaya a bakin ƙofa.

Ki gaishe min da Orrin da kyau, da Wade da matarsa, da 'yar jikarki Junie da hotonta ke manne a firijin Mama. Mama tana gaishe ki, ita ta ba ni adireshin. Tessa ma tana gaisuwa. Baba bai ce a gaishe ki ba, bai san na rubuto ba, kuma na gama yin ƙarya a gidan nan. Allah ya tsare ku, ya ba ki ikon karanta wannan har ƙarshe.

Ɗan wanki,
Milo