Katin Aikin Ido

Daren Laraba, Argungu.

Shekara huɗu ke nan ƙungiyar likitoci na zuwa aikin ido kyauta, ban taɓa samun kati ba. Yau tun asuba na bar albasata ba ban-ruwa na bi layi. Wata likita ta ce, "Baba, ta waya aka rubuta suna." Na ce, "Ɗiyata, mai yanar ido ne zai duba waya?" Ta koma cikin taronsu inda ake tafa wa sabon shugabansu.

Idon hagu ya tafi. Na daman da nake rubuta wannan ajami da shi ya fara dishi-dishi.

Gobe ƙofar taronsu zan zauna. Dole shugaban ya fito da kansa ya gaya mini: marar waya ya makance ke nan?