Littattafai Bakwai na Baba Mai Agogo

Cikin alhini, da kuma wata kunya da ba za mu iya ɓoyewa ba, Ƙungiyar Marubuta ta Alƙalami Ɗaya ta samu labarin rasuwar ubanta, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, kuma Shugaban Kwamitin Amintattunta, dattijon arziki Alhaji Baba Mai Agogo, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talata bayan jinyar wata biyu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin mai gyaran agogo ne, kuma shekara talatin da ɗaya bai taɓa karɓar aikin kowa a rana ba sai ya cika shafi guda da rubutu. Ƙarfe shida na safe zai ture kayan gyara gefe, ya shimfiɗa littafi mai layi a kan teburin shago, ya fere fensir, ya duƙufa, ko yana jin daɗin jikinsa ko ba ya ji. Ranar da aka haifi autarsa ya rubuta, ranar da ruwa ya cika shagon ma ya rubuta a tsaye. Mu kuwa, masu manyan muƙamai da tarukan ƙara wa juna sani, muna zaune muna jiran ilhama ta sauko, har muna yi masa dariya wai ya mai da adabi leburanci. Ya bar littattafai goma sha ɗaya a kasuwa, mu tara na kwamitin zartarwa kuwa biyu gare mu.

Shekara uku da suka wuce, da idonsa ya fara rauni, ya damƙa mana labarinsa na ƙarshe a rubuce da hannu cikin littattafai bakwai, ba shi da wani kwafi, domin mu buga masa a kwamfuta. Muka kafa kwamiti, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti, aka raba littattafan ga mutum bakwai bisa alkawarin wata guda. Littattafai biyu ne kawai suka dawo. Wannan ya yi tafiya, wancan yana jiran ya samu natsuwa, wani kuma wai rubutun hannun ne ke sa masa ciwon kai. Haba jama'a! Wallahi wannan hali namu ya ishe mu.

Muna miƙa ta'aziyya ga uwargidansa Hajiya, da 'ya'yansa biyar, da jikoki, da maƙwabtansa na layin shaguna. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Babbar 'yarsa ta shaida mana cewa ba sa buƙatar tawaga ko jawabi ko lambar yabo, rubutun mahaifinsu kawai suke so. Saboda haka duk wanda ke riƙe da littafi ya kai mata kafin Asabar, an buga ko ba a buga ba, kuma kada wanda ya kawo mana waƙar ta'aziyya a madadinsa.

Littafi na bakwai, mai ɗauke da ƙarshen labarin, yana hannun mai sa hannu a wannan takarda. Da na je duba Baba a asibiti ya riƙe hannuna ya tambaye ni inda aka kwana, na ce masa saura kaɗan, ya yi murmushi ya sa mini albarka. Ko buɗe shi ban yi ba.

Malam Dogo Mai Tabarau
Kakakin Ƙungiya, a madadin Kwamitin Zartarwa