Sunan da Baba Ba Ya Faɗa

Amarillo, watan Janairu

Zuwa ga Barira,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da yarinyar nan, da Baba da Inna da duk mutanen gida. Yaya tarin nata, ya sake ta? Ni lafiyata lau, sai sanyin da ke fasa mini yatsu.

Na rubuta ne na ɗauki hoton takardar na turo miki, don kin san halin wayar gidanmu: ana kira sai a buɗe murya kowa ya matso. Wannan maganar taki ce ke kaɗai.

Kin tuna bara da aka ƙi takardar zamana, wadda maigidana Ruben ya nema mini a matsayin ƙwararren baduku? To ya sake nema, da sabuwar lauya, Madam Ortega. Amsa ta zo. Ba su ƙi ba, ba su yarda ba. Sun ce a kawo ƙarin hujja cewa na yi aƙalla shekara biyu ina dukanci kafin in zo, a kuma bayyana musu abin da ya sa hujjar bara ta kasa. Wa'adin ƙarshen Maris ne. In aka sake ƙi, takardar aikin da nake kai tana ƙarewa sai in tattara, maganar zuwanku kuma ta mutu.

Na ce wa lauya ai mahaifina ya rubuto, a shagonsa na tashi. Ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Iliyasu, ka taɓa jin abin da ya rubuto?" Ban taɓa ba. Daga Damagaram aka aika wa lauyan farko kai tsaye, an juya ta Faransanci, an juya ta Turanci. Sai ta karanta mini. Ga abin da Baba ya faɗa wa mai rubutu, kaf:

"Yaron nan yana gabana tun yana ƙarami. Yana ɗan taɓa ɗinki. Har yanzu koyo yake. Allah ya shirye shi."

Barira, babu sunana ko sau ɗaya. Shekara guda ina zagin lauyan farko a zuciyata, ashe abin da aka ba shi ke nan. "Allah ya shirye shi" ɗin ma mai fassara ya mayar da shi kamar ina da wani mugun hali da ake roƙon a raba ni da shi, har Madam ta sassauta murya ta tambaye ni ko an taɓa kama ni.

Na yi mata bayani cewa ni ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin Baba aka sa mini, saboda haka ba ya kiran sunana, ba ya yabona. Ta ce, "Fushi yake da kai?" Na ce a'a, kunya ce. Kalmar da na samu da Turanci ta sa ta ɗauka abin kunya na aikata, sai ta ƙara tausaya mini. Ruben yana gefe yana juya hularsa. Shi hoton ɗansa manne yake a jikin keken ɗinki, duk wanda ya kawo gyaran takalmi sai ya ji labarin yaron ko bai tambaya ba. Ya ce, "Eliyas, ɗana, wato tsohon bai taɓa cewa aikinka ya yi kyau ba? Ni ranar da ka fara ɗinka mini wuyan takalmin kaboyi har matata na kira ta zo ta gani."

Ga abin da lauya take so. Baba ya je gaban mai hatimi, wanda ake rantsuwa a wurinsa, ya faɗi da bakinsa cikakken sunana, da shekarun da na yi, da irin aikin da na iya. Da bakinsa, tunda ba ya karatun boko, kuma an riga an yi shakkar takardarsa ta farko. Sannan mutanen da na yi wa aiki su ma su rubuto.

Na san ba za ki iya tunkarar surukinki da wannan ba, Inna ma ba za ta iya ba. Ki je wurin Gwaggo Tabawa. Ita ce yayarsa, ita kaɗai ke ɗaga masa murya ta kwana lafiya.

Ki shafa mini kan yarinyar nan.

Naki,
Iliyasu


Amarillo, watan Fabrairu

Zuwa ga Barira,

Bayan gaisuwa da fatan kun tashi lafiya, na ga saƙonki, na kuma gode da zirga-zirgar da kika sha. Allah ya bar mini ke.

Takardun mutanen unguwa sun iso. Na kai wa lauya ina murna, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗago ta ce, "Wane ne Abba?" Kowa Abba ya rubuta. Mai jima ya ce Abba ya fi kowa sanin fatar akuya, mai sayar da alabe ya ce Abba ke yi masa ɗinki tun yana saurayi. Mutanen da na girma a gabansu, ashe babu wanda ya riƙe sunana na yanka, don ba su taɓa jin an kira shi a gidanmu ba. Madam ta ce wannan yana gyaruwa, liman zai shaida cewa Abba da Iliyasu mutum ɗaya ne, ya kuma bayyana al'adar. Amma duk reshe ne. In Baba bai yi magana ba, babu abin da zai tsaya.

Da muka fito Ruben ya yi ta dariya har ya kasa tayar da mota. Ya ce, "Garinku akwai mai amsa sunansa kuwa?" Sai ya ce in tuna masa sunan 'yata ta fari. Na ce masa yarinyar tana nan lafiya. Ya ce, "Ba lafiyarta na tambaya ba." Na juya ina kallon titi. Ya bugi sitiyari ya ce, "Kai ma? To wa kake jin haushi?"

Yanzu maganar da ta hana ni sukuni. Gwaggo ta kira ni ta faɗa mini yadda suka yi da Baba. Ta ce ta same shi a zaure ta zazzage masa komai, ta ce masa kunyarsa za ta kori ɗansa daga aiki. Bai ɗago daga fatar da ke hannunsa ba, ya ce, "In sun ce ba su san shi ba, su maido shi inda aka san shi."

Barira, ni na ɗauka Baba bai gane abin da ake nema ba ne. Wannan ba maganar wanda bai gane ba ce. Tun ranar nake juya ta. Ko takardar farkon ma da saninsa ya yi ta haka? Shi fa ya sa mini albarka da zan taho. Bai taɓa cewa in dawo ba, amma ta yaya zai ce, shi da ko abin da yake so ba ya faɗa mini sai ta bakin wani?

Na kira shi da kaina ranar Juma'a, da niyyar in roƙe shi. Muka gaisa. Ya tambayi sanyi, na tambayi kasuwa. Ya ce fatar bana ba ta da kauri. Na ce ta nan ma haka. Sai ya ce, "To, ga uwarka." Kin ji ɗan da ya tashi roƙo.

Ba zan matsa masa ba. Ki ce wa Gwaggo ta bar shi haka nan. In ya ƙi, na dawo, ba a kan titi zan kwana ba. Abin da ke ci mini rai shi ne na riga na nuna miki hoton ɗakin da zan kama mana.

Ki gaida Inna.

Naki,
Iliyasu


Amarillo, watan Maris

Zuwa ga Barira,

Ina gaishe ki, ina kuma fatan hankalinki ya dawo jikinki. Ga rubutun hannuna ki nuna wa Inna, ta ƙara tabbatarwa ina raye.

Ke kin ga na can, bari in ba ki na nan. Da safe ne, ina manna dunduniyar wani takalmi, hannuna duk gam, waya ta yi ta ruri a aljihu. Na ce bari in gama. Ba ta daina ba. Da na ɗauka ban ji komai ba sai kuka, mata da yawa, da muryarki a ciki kina cewa "ya ɗauka, ya ɗauka". Na ɗauka Baba ne ya rasu. Na zauna a kan tarin ƙirgi. Sai na ji Inna tana cewa in yi magana ta ji, in ƙara, in ƙara. Ashe ni ne mamacin. Ruben ya tsaya a kaina da guduma a hannu yana tambaya wa ya mutu, na ce masa ni. Ya ajiye gudumar ya tafi ya kawo mini ruwa.

Kin ce har yanzu ba ki san inda maganar ta samo tushe ba, kuma kowa ya ƙi faɗa miki. Gwaggo ta faɗa mini, ta ce kada ya wuce ni, amma ke ba wata ba ce.

Bayan la'asar Inna ta ɗauki fura za ta kai wa Baba zaure. Ta tarar ya turo ƙofa, abin da ba ya yi da rana. Ta tsaya. Sai ta ji shi a ciki shi kaɗai, ƙasa-ƙasa, yana cewa Iliyasu. Ya yi shiru, ya sake cewa Iliyasu. Tunda aka haife ni ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba. Me za ta ɗauka, in ba an aiko masa da labarin mutuwata ba ne yana ɓoye mata? Ta saki ƙwaryar. Sauran kin gani da idonki, har da maƙwabtan da suka fara shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Shi kuma ya fito yana ta cewa "lafiyarsa lau", ya kasa faɗin abin da yake yi, shi ya sa babu wanda ya yarda.

Gwadawa yake. Ya riga ya sa rana da mai hatimi bai gaya wa kowa ba, yana tsoron ya je gaban mutane harshen ya ƙi.

Na rasa inda zan sa wannan a raina. Dattijo kamar Baba, a bayan ƙofa, yana koyon sunan ɗansa. Ko a waya ban san da wane ido zan gaishe shi ba yanzu. Ki yi kamar ba ki sani ba, don Allah.

Gwaggo ta ce ya je, ya yi, an buga hatimi, an aika wa lauya kai tsaye saboda wa'adi ya matso. Saura jira.

Naki,
Iliyasu


Amarillo, watan Mayu

Zuwa ga Barira,

Gaisuwa mai yawa gare ki da yarinyar nan da kowa da kowa. Yaya zafi?

An yarda. Madam Ortega da kanta ta zo shago ta faɗa mana. Ta ce wannan ƙofar farko ce, akwai sauran jira kafin a zo kanku, kuma kada in fita ƙasar sai ta ce in fita, amma mai wuyar ta wuce. Ruben ya rufe shago, matarsa ta kawo tuwon masaran nan nasu na cikin ganye, wanda take yi mini da naman kaza daban.

Madam ta ce takardar Baba ce ta yi aikin, ta miƙo mini kwafi. Ruben ya fizge ya ce shi zai karanta, yau sai tsohon ya yabe ni a gaban jama'a. Ya hau kan benci yana karantawa da ƙarfi. Sunana cikakke, Iliyasu ɗan Mutari. Yanka, ɗinki, rini, ado, duk ya lissafa. Matar Ruben tana tafi. Sai na ji muryar Ruben ta fara sauka. Ya tsaya, ya dubi lauya, ya sauko daga bencin. Na ce ya ƙarasa.

Baba ya ce mai hatimi ya tambaye shi ta yaya za a san ni ke aikin ba shi ba. Ya amsa cewa shekara biyar kafin in tafi idonsa ya fara hazo, ba ya ganin ramin basilla, don haka duk wani ƙaramin ɗinki da ya fita daga shagon nan a shekarun hannuna ne. Ya ce tunda na tafi, in an kawo irin wannan aikin sai ya ce wa mai shi ya kai gaba.

Barira, ina zaune kusa da shi duk shekarun nan. Ni da nake gane akuya ko tunkiya daga ƙanshin fata. Yana turo mini aikin yana cewa "yi mu gani", na ɗauka horo ne. Ashe ba ya gani. Kuma ya san in ya faɗi wannan a gaban mai hatimi ba za a maido ni ba, ya faɗa.

Madam ta ce wannan sakin layin ne ya fi komai ƙarfi. Na ce mata na gode. Abincin ban iya ci ba, na ce musu cikina ne.

Ban kira shi ba tukuna. Ki gaya wa Gwaggo an yarda, ita ta gaya masa. Ki kuma tambaye ta asibitin ido mafi kusa, da wanda zai iya sa shi ya je, don in daga bakina ya fito ba zai je ba.

Sai abu ɗaya da nake roƙonki. Gobe in za a kai masa fura, ki karɓa ki kai. Ki ɗan tsaya kamar kina jiran ƙwarya. Ki duba mini ko akwai aiki a hannunsa, ko riƙe fatar kawai yake. Kada ki tambaye shi komai. Abin da kika gani ki rubuto mini yadda yake, kada ki rage.

Naki har kullum,
Iliyasu