Bangon Ɗakin Iri

Ƙofar Dundaye, Sakkwato
Ranar Lahadi

Zuwa ga maigidana, Abban Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinka, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka da marasa lafiyar da kuke dubawa. Mu nan lafiya lau muke, sai zafi. Inna tana gaishe ka, ƙafar tata ta yi sauƙi. Rabi kuwa kullum sai ta ɗauki wayata ta kira ka, in ta ji shiru ta ce Abba ya yi fushi. Na gaji da yi mata bayanin cewa ƙauyen da aka tura ka babu sabis. Tunda Ɗanladi direba yana zuwa can ran kasuwa, ka shirya karatu, don ba ni da wanda zan sauke wa cikina sai kai.

Ka tambayi aikin cibiyar binciken. Ɗakunan gwaje-gwaje sun kai linta, ba su ne ke hana ni sukuni ba. Ɗakin ajiyar iri ne. Dakta Hauwa'u, shugabar masu binciken, ta yi shekaru tana yawon ƙauyuka tana karɓar tsohon irin gero da maiwa da dawa daga hannun tsofaffi, irin da kakanni suka bari, wanda ke jure fari. Da shi za su yi binciken ƙwayoyin halittarsa. Wani irin ma ƙauyen da aka samo shi ya watse, babu inda za a koma a sake samu. Yanzu duk yana cikin kwantena, janareto na sanyaya shi, ita kuma tana zagaye shi kamar kaza da ƙwai.

Saboda zafin garinmu na zana ɗakin a cikin ƙasa. Amma filin yana gefen fadama, da damina ta yi nisa ruwan ƙasa zai taso ya kewaye bangon. Shi ya sa dole a zuba kankaren bangon gaba ɗaya, ba tsayawa. In aka tsaya na ƙasa ya bushe, aka ɗora sabo a kansa, tsakaninsu ba ya kamawa, ta nan ruwa ke shiga. Danshi kaɗan ya isa ya kashe irin.

Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne Malam Illo, shugaban maginan. Dattijo ne, kuma duk leburorinsa 'yan unguwarsu ne, Gidan Igwai, wannan ɗan wansa, wancan surukinsa. Ba sai ya ɗaga murya ba. Ranar Talata za mu fara da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi. Tsoro nake ji, ban ɓoye maka ba. Ka sa mu a addu'a, kuma ka daina kwana da yunwa kana cewa ka ci.

Taka har kullum,
Nafisa

Ƙofar Dundaye
Ranar Alhamis

Abban Rabi,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan jikinka lafiya, aiki kuma da sauƙi. Mutanen gida duk kalau. Ni ce dai ba kalau ba.

Mun fara ranar Talata kamar yadda na gaya maka. Injin kwaɓa kankare yana ta juyi, leburori sun yi layi da kwanon sarki a ka, suna zubawa cikin katako suna barkwanci. Har na fara jin daɗi, na ce ashe tsoron banza na yi. Bango ya kai wajen ƙugu ke nan sai ga mai babur ya shigo a guje, ya tafi kai tsaye wurin Malam Illo. Matarsa Mairo ce Allah Ya yi wa rasuwa. Da safen ta dama masa kunu, ta ce kanta na ciwo, shi ke nan.

Ban taɓa ganin wuri ya watse haka ba. Kowa ya ajiye kwanonsa inda yake tsaye. Ai ga wannan gwaggo ce, ga wancan uwar matarsa ce, kuma ka san ba a jinkirta gawa, balle a wannan zafin. Abin da nake yabo, cewa duk dangi ne, shi ya kwashe mini su gaba ɗaya. Ko mai tuƙa injin bai tsaya ya kashe shi ba.

Yanzu ga abin da ke cin raina. Na bi Malam Illo har bakin ƙofa. Maimakon in yi masa gaisuwa, bakina ya riga ni, na roƙe shi ya bar mini ko da rabin mutanen mu ƙarasa. Wallahi haka na ce wa mutumin da matarsa ke kwance ba a rufe ta ba. Ya dube ni kawai, ya hau babur. Da ƙasa za ta buɗe a lokacin da na shige.

Na kira ɗan kwangila, Alhaji Sharifuddeen, ya ce yana Birnin Kebbi. Na tura a nemo leburori a bakin titi, kafin a tara su rana ta take tsaka, kankaren ya riga ya kama. Na tsaya ina kallonsa yana bushewa, ba abin da zan iya.

Jiya na je ta'aziyya. Na shiga cikin gida wurin mata, na zauna a gefen tabarma kamar ɓarauniya, ina jin kowa ya san abin da na faɗa. Babu wadda ta nuna mini. Har fura suka ba ni. Da zan fita Malam Illo ya taso daga cikin maza, ya yi mini godiya, ya ce in yi haƙuri da ɓarnar da aka yi mini. Ka ji fa, shi ne ke ba ni haƙuri. A cikin Keke Napep na yi kukana har Ƙofar Dundaye.

Na gaya wa Alhaji kada a taɓa bangon sai na yi nazarin yadda za a gyara mahaɗar tsohon kankaren da sabon da za a ɗora. Ka yi wa Mairo addu'a, ni ma ka yi mini.

Matarka,
Nafisa

Ƙofar Dundaye
Ranar Asabar

Zuwa ga Abban Rabi,

Assalamu alaikum. Wasiƙarka ta iso, na gode da lallashi, ko da yake rubutunka sai da na haɗa da duba kafin in gane shi. Ina fatan kana lafiya. Inna da Rabi suna gaishe ka. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, abubuwa ne suka cakuɗe.

Bayan sadakar uku aka kira ni Abuja taron masu ba da aikin. Ina can Malam Illo ya tattaro mutanensa suka koma wurin aiki. Wai sun bar ni cikin kunya, za su fitar da ni. Alhaji ya buɗe musu sito da murnarsa, bai gaya musu na hana ba. Suka ɗora sabon kankare a kan tsohon yadda yake, da yashin da iska ta zuba, har da sawun awaki, suka kai bango sama. Kafin in dawo an cire katako, an yi filasta sumul. In ka gani sai ka ce a sa masa fenti a kira biki.

Da na shigo suka tarye ni suna murmushi, suna jiran in yi murna. Mutanen da ko gama karɓar gaisuwa ba su yi ba, suka zo suka yini a rana saboda ni. Na ce an gode, Allah Ya saka. Me zan ce?

Alhaji ya ja ni gefe ya yi mini huɗuba. Wai babu wanda ya sani sai mu, bango ya yi kyau, in rufa wa kowa asiri. In kuwa na nace sai an fasa, to shi zai ce maginan ne suka gudu suka bar aiki, ya sallame su duka ya kawo wasu daga Kaduna. Ya san inda zai taɓa ni. Ka duba min, Abban Rabi: in sa a kori mutum daga aiki don ya je binne matarsa? Da wane ido zan sake bi ta Gidan Igwai? To amma in na yi shiru, damina na zuwa, Dakta Hauwa'u za ta kwashe irin nan ta sa a ɗakin da na ce mata ya yi. Jiya ma ta riƙe hannuna tana cewa janareton ya fara tari, yaushe za ta tare. Na kasa haɗa ido da ita.

Abinci ba ya shiga. Inna ta fara yi mini kallon mai juna biyu, har tana yi mini dabarar tambaya.

Ga shawarar da na yanke. Ramin da ke kewaye da bangon ba a cike shi ba tukuna. Zan sa tanka ta cika shi da ruwa har ya haura mahaɗar, mu bar shi ya kwana biyu, mu kawo wa bangon daminarsa tun yanzu. In ya riƙe, na yi shiru har abada. Ban taɓa roƙon Allah Ya ƙaryata ilimina ba sai wannan karon.

Ka kula mini da kanka.

Taka,
Nafisa

Ƙofar Dundaye
Ranar Litinin

Maigidana Abban Rabi,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Gida lafiya, Rabi ta fara haddar sabuwar sura, tana ajiye maka ita.

Bangon bai riƙe ba.

Litinin da ta wuce da hantsi muka sauka cikin ɗakin, ni da Dakta Hauwa'u da Alhaji da Malam Illo. Ba sai an nuna wa kowa ba. Layi ne baƙi na danshi ya zagaye ɗakin daidai ƙugu, wani wurin har yana ɗiga. Alhaji ya fara faɗa, Dakta ta dafe kai ta fita. Malam Illo ya matsa ya ɗora tafinsa a kan layin, ya daɗe a haka. Sannan ya nuna mini wata kusurwa, ya ce a nan yake tsaye aka zo aka gaya masa.

Da muka hau sama ya ce yana da roƙo guda. Bai roƙi a bar masa aikinsa ba. Cewa ya yi in manya suka tambayi dalili, don Allah kada in ce rasuwar Mairo ce ta jawo. Ya ce baiwar Allah ce da ba ta taɓa ɓata wa kowa ko ludayi ba, ba ya so a riƙa tuna ta a matsayin wadda mutuwarta ta lalata ginin gwamnati. Na yi masa alkawari kafin in yi tunanin abin da alkawarin zai ci.

Ranar Alhamis manyan suka zo daga Abuja. Ka sani, da na ce rasuwa aka yi, da an ce ƙaddara ce, a tausaya, sannan a juya kan maginan da suka watse suka kuma ƙarasa ba izini. Alhaji ya riga ya shirya bakinsa. Sai na riga shi. Na ce aiki ya tsaya ne a tsakiya, kuma zanena bai tanadi tsayawa ba. Kada ka ɗauka sadaukarwa na yi, gaskiya ce. A garin nan aka haife ni, na san ana mutuwa a binne a ranar, na san ba mai riƙe kwanon kankare ana sallar gawar uwarsa, amma na zana bangon da ba zai yiwu ba sai in kowa ya yini da rai. Aka yi ta juya tambayar, me ya tsayar da aikin, na ce koma mene ne, hakkina ne in tanade shi. Alhaji ya ga laifi ya sami mai shi, bai ko ambaci maginan ba.

Na nuna musu sabon zane. Za a fasa bangon, a sake zuba shi kashi-kashi, kowace mahaɗa da ɗamarar roba a cikinta mai tare ruwa, yadda ko me ya faru za a iya tsayawa a ƙarshen kashi ba tare da ɓarna ba. In aka dage, za a gama kafin ruwan ƙasa ya taso. Sun yaba ƙwarai, sun karɓi zanen. Ni kuma sun cire ni daga aikin. An mayar da ni ofis, wani injiniya zai zo ya ƙarasa.

Ba zan yi maka ƙaryar jarumta ba, abin ya yi mini ciwo. Tun wurin yana gonar albasa nake zuwa, na so in ga ranar da za a shigar da irin nan. Amma zai shiga ɗaki busasshe, kuma ba a sallami ko mutum ɗaya daga Gidan Igwai ba.

Malam Illo bai san an cire ni ba, na roƙi Dakta kada ta gaya masa, balle ya ji dalili. Shi da mutanensa ne ke fasa bangon da hannunsu. Ɗazu ya aiko mini da saƙo, wai sun kusa gama share kashin farko, kuma ba zai bari a zuba ko kwano ɗaya ba sai na zo da kaina na duba ƙarafan rodin da aka ɗaure. Ɗan aiken ya daɗe a zaure yana jiran amsa. Na ce ya gaishe shi, ya ce masa na ji.

In kana da hutu ka zo, ko na kwana ɗaya ne. Ina bukatarka.

Matarka mai ƙaunarka,
Nafisa