Kunnen Hagu

Olympia, ranar Laraba

Yaya Wendell,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Ya yara?

Ni lafiya lau. Har yanzu ina shirina na Talata a rediyon jami'a, ina sa tsoffin waƙoƙin rok na Turawa da na sababbin mawaƙa marasa kamfanin waƙa. Sai dai kunnena na hagu ya mutu, ba ya ji, likita ya ce na daman ma yana hanya. Na ce to, na tafi na ci abinci.

Jiya wani ya bugo waya: "Loretta, jitar nan ta sa ni hawaye!" Na ce ni ma, alhali gangar kawai na ji.

Kada Mama ta sani. Ka kira ni Lahadi ka yi ta surutunka, ina so in haddace muryarka.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarka,
Loretta