Zuwaira da Sunan Mijinta

Litinin, 1 ga Rabi'us Sani, 1347

Da hantsi alƙali ya aiko Dabo dogari, wai in zo in duba jikin wata mata. Tun da aka san ina karantar da matan gari aka ɗora mini wannan aiki: mace ta kawo ƙarar duka, ni da ungozoma mu shiga ɗaki da ita, mu gani, mu fito mu shaida. Ko sannu ba a ce mana.

Ta yau 'yar Kalmalo ce, Zuwaira, matar wani masunci Maharazu. Ƙarnin kifi ya riga ta shiga ɗakin. Bayanta duk shatar igiya, ido ɗaya a rufe, wuyan hannun hagu ya kumbura inda ƙotar fartanya ta sauka. Laifinta, ta je Araba duba uwarta ba ta dawo kafin la'asar ba. Na tambaye ta ko wannan ne karo na farko, sai ta yi mini wata dariyar wauta. Raina ya ɓaci, da shi da ita duka.

Talata, 2 ga wata

Abin kunya yau a zauren alƙali.

Halliru magatakarda, wanda ya ɗan lashi boko a Sakkwato ya dawo yana ɗaga hanci, ya tuna wa kowa dokar Bature. Bara an kamo wani Idi maimakon wani Idin, saboda maƙwabci ne ya ba da suna. Tun daga nan ba a rubuta sammaci sai mai ƙara ya faɗi sunan wanda yake ƙara da bakinsa.

Ya ce mata, "Wa yab buge ki?" Ta ce, "Shi." Ya ce, "Shi wa?" Ta ce, "Maigidan." Ya ce, "Mi as sunanai?" Sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Mijinta na fari ne, tun da aka kai ta ɗakinsa sunansa bai taɓa fita bakinta ba.

Duk wanda ke zauren nan ya san sunan, har mai ba dokin alƙali ruwa. Na faɗa musu daga bayan asabari. Halliru ya ce, "Ba ke anka tambaya ba, Malama." Shi kuwa alƙali ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha. Ba suna, ba ƙara. Ba ƙara, shaidata ba ta da wurin zama, in an buɗe daga baya sai mun sake dubawa. Gemu cike da zaure, an rasa mai hankali ɗaya.

Laraba, 3 ga wata

Sun ajiye mini ita a gida, wai amana. Ba wanda ya tambaye ni.

Juma'a, 5 ga wata

Dabo ya je Kalmalo jiya, ba sammaci, wai don ya ga hanya. Ya dawo aljihun rigarsa na warin busasshen kifi, yana cewa, "Ai mutumen kirki na, Malama, hushi na kawai." Jar riga da rawani, amma kifi ya saye shi.

A bakinsa na ji abin da ya hana ni cin abinci. Maharazu na girbin gero. Da ya gama zai ƙetara zuwa gonarsa ta wajen Ƙonni, ƙasar Faransa, inda dogari ba ya wuce turken iyaka. Kuma da matarsa yake nufin tafiya.

Asabar, 6 ga wata

Idon ya fara buɗewa, shatar baya na dusashewa. Jikinta ma mijin yake taimaka wa.

Litinin, 8 ga wata

Na zaunar da ita bayan ɗalibai sun watse. Na ce ba a wani littafi aka hana faɗin sunan miji ba, al'ada ce kawai, kuma ranta ya fi al'ada. Ta yi ta wasa da bakin zane. Har na ce mata sakarya, kuma ban yi nadama ba.

Can ta ɗago ta ce, "Inna Malama, ke kin taɓa hwaɗin na Malam?"

Malam, maigidana, ya daɗe a ƙasa, ciyawa ta sha fitowa a kansa. Na ce ta tashi ta share tsakar gida. Rashin kunya irin na mutanen bakin tafki.

Laraba, 10 ga wata

Kawun Maharazu ya zo biko da ƙullin goro, wani tsoho mai haƙori ja. Daga zaure yake ɗaga murya: "Abin cikin gida na, mi yak kai shi gaban alƙali? A ba mu ɗiyarmu mu tahi." Ɗiyarsu. Da ake dukanta yana bayan danga yana gyaran komar kamun kifi.

Alƙali ya yanke: zaman gobe, in ba ta faɗa ba, babu ƙara, a miƙa ta ga dangin miji.

Na tambaye ta in sun ƙetara me zai faru. Ta ce, "Can ba mai ji. Wata rana kashe ni za ya yi, ba da nuhi ba, hannunai ad da nauyi." Har yanzu uzuri take nema masa. Na ji kamar in mare ta, sai na tuna wani ya riga ni. Tsoro nake ji, gara in rubuta.

Alhamis, 11 ga wata

Da sassafe na ja ta bayan rumbu, inda ba mai ji sai kaji. Na ce ta gwada faɗin sunan. Ta buɗe baki, ta kai rabi, sai kuka. Ta sake, ta kasa. Ga Dabo a ƙofa yana sallama, wai alƙali ya zauna.

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na riƙe kafaɗarta na ce, "Dube ni. Ma'aruf. Sunan Malam ke nan. Ma'aruf." Bakina ya yi ɗaci. Rumbu bai faɗi ba, kaji suka ci gaba da tonon ƙasa. Ta zuba mini ido kamar ta ga na fita ba zane.

A zaure Halliru ya sake tambayarsa. Ta faɗa ƙasa-ƙasa. Ya ce bai ji ba, alhali ya ji, ɗan banza. Sai ta yaye mayafi ta ce "Maharazu" da ƙarfin da har masu awo a bakin hanya suka waiwayo. Kawun ya tofar da goro ya yi salati. Alƙali ya kasa kallonta.

Mun sake dubawa da ungozoma. Saura kaɗan shatar ta ɓace, amma hannun bai iya ƙarya ba. Aka rubuta sammaci.

Asabar, 13 ga wata

Dabo ya tafi kamun, yana tsayawa gaisuwa a kowace bishiya. Ya tarar an kwashe dammunan gero, mutumin ya ƙetara tun jiya. Wai har ya hango shi a wancan gefen turke, suka ɗaga wa juna hannu. Jarumin dogari.

Amma ƙara ta buɗe, kuma ba a mayar da mace gidan wanda ake nema. Duk ranar da ya tako nan Illela kasuwa, igiya na jiransa. Alƙali ya ce in bai bayyana ba zai raba auren. Sai na gani.

Talata, 16 ga wata

Gari ya ɗauka. A bakin rijiya ana nuna ta, wadda ta kira sunan mijinta gaban maza. Ba wanda ke nuna hannunta. Uwarta, wadda aka doki Zuwaira don ta je duba ta, ta aiko wai ta zubar musu da mutunci. Wasu magidanta sun hana matansu zuwa karatu gidana. Su riƙe abinsu, dama kansu ba ya ɗauka.

Alhamis, 18 ga wata

Zuwaira ta dama mini fura da hannu ɗaya. Ba laifi. Na ce ta daina cin abinci a gindin murhu, ta dawo kusa, don in riƙa ganin hannun ne.

Bayan azahar wata mata ta tsaya a ƙofa, ban san ta ba, ta rufe rabin fuska, tana tafiya a karkace. Ba gidan alƙali ta tambaya ba, nan ta tambaya. Na ce gidana ba kotu ba ne. Na bar ta ta shigo don rana ta yi zafi.

Suna bayan rumbu ita da Zuwaira tun ɗazu. Na hana kowa zuwa ɗibar gero.