Ƙarin da ya tsaya a rediyo

Kazaure, daren Laraba

Tun da aka sanar a rediyo cewa an yi wa 'yan fansho ƙari saboda tsadar rayuwa, ban huta ba. Yau ƙanena Sale ya taso takanas daga Gwiwa, ya durƙusa ya ce, "Yaya, barka da arziki. Ragon sunan nan fa da kai muka dogara." Na rantse masa ban ga ko sisi ba. Ya yi wani murmushi, ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Allah ya isa tsakanina da masu sanarwar nan. Na ƙare ƙuruciyata ina shaƙar alli a aji, na jure rashi da mutuncina. Ga ƙarin da suka yi min: a da talaka nake, yau na zama marowaci.